Kaki a Kan Garwashi

Thamesmead, London
15 ga Nuwamba, 1992

Yaya Karimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Gangare. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Hamdatu tana gaida gwaggonta. Hausa tana ji sarai, amma in na yi mata magana sai ta mayar mini da Turanci, kamar ni ce baƙuwa a gidan.

Turaren wutar da kika haɗa mini ya iso ta hannun Mahamudu, wannan ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakaninmu da ku. Allah ya saka da alheri. Ranar da na fara kunna shi sai da na zauna a bakin gado na yi hawaye, don ƙamshin ɗakinki ne sak.

Albishirinki, ƙaninki Uwaisu ya samu aiki. Kada ki yi dariya sai na gama. Turawan nan suna da wani wasa da suke kira ski. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya hau dutse, ya zamo a kan ƙanƙara har ƙasa. London ba ta da irin dutsen, sai sun hau jirgi zuwa wasu ƙasashe, amma a nan ake gyara musu allunan kafin su tafi. To shi ne aikin ƙaninki. Shagon yana cikin gari, ɗakin aikin kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, ko taga babu. Yana narka kaki a bayan allon da dutsen guga, ya barbaɗa wata farar hoda, ya sake bi da guga har hayaƙi ya tashi, sannan ya kankare. Wai shi ke sa allon santsi. Mutumin da tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa goge ko hankici ba, yau shi ke yi wa katako guga.

Ni ma na ci moriyar aikin. Gawayin ƙasar nan taurin kai gare shi, sai hannunki ya gaji da fifita kafin ya kama. Rannan ya zo mini da ɓarɓashin kakin da suke kankarewa a cikin leda, wai ko zai yi amfani, tunda zubarwa suke yi. Na ɗan yafa a kan gawayi, na ƙyasta ashana, nan take ya kama. Yanzu da shi nake tada kasko.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Duk ranar da aiki ya yi musu yawa, yakan dawo da zazzaɓi da rawar ɗari, yana cewa ƙirjinsa ya ɗaure. Kafin gari ya waye ya sake shi, ya tashi ya tafi aiki kamar ba shi ba. Ga shi mutanen masallacinmu na Catford sun roƙe shi ya ja su tarawihi a azumi mai zuwa. Kin san yadda yake jan doguwar aya da numfashi ɗaya, to sun ji, sun ce sai shi. Ya amsa musu, kullum bayan asuba yana tilawa. Ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan wani abu a ƙasar nan kamar wannan ba. So nake azumi ya same shi da lafiyarsa.

Ki gaida Alhaji da kyau.

Ƙanwarki,
Saudatu


Gangare, Jos
9 ga Disamba, 1992

Saudatu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa da sauƙi, in dai ban hau tudu ba, kuma kin san garin nan duk tudu ne. Ki ce wa Hamdatu in ta zo ta yi mini Turanci, da muciya zan amsa mata.

Ban yi dariya ba. Da na zo inda kika ce ƙarƙashin ƙasa, ajiye takardar na yi, sai bayan la'asar na iya ɗauka. Ke ba ki san Baba ba. Rayuwarsa duka a ramin kuza ya yi ta, kuma tari ne ya kai shi kabari. Uwaisu yana rarrafe Inna ma ta rasu. Ni na goya yaron nan, ni na kai shi makarantar allo da ta boko, ba don ya haye teku ya koma rami ba. Amma tunda halal ce, kuma shi ya gani ya karɓa, na yi shiru.

Zancen zazzaɓi kuwa, ki kwantar da hankalinki, na san ciwon. Sanyi ne ya shige shi. Haka yake tun yana ƙarami, da zarar sanyin Jos ya sauka sai ƙirji ya ɗaure. Balle ku da kuke zaune cikin ƙanƙara, shi kuma yana wuni yana taɓa kayan ƙanƙara.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki yi mini wayon 'yan boko. Ki rufe tagogin nan ruf, ki toshe duk wata kafa da tsumma, har ƙasan ƙofa. Na ba wani ɗalibi da zai taso jibi ƙulli ya kawo miki, habbatus sauda ce da ƙaron ararraɓi da kajiji, ni na daka da hannuna. Ki tada garwashi mai kyau, ki zuba, ki zaunar da shi, ki lulluɓe shi da bargo shi da kaskon, ya shaƙa har ya yi gumi. Safe da yamma. Zai ce ya isa, kada ki saurare shi, tun yana yaro raki gare shi. Da wannan na raine shi, ga shi nan ya zama mutum har kin samu kin aura.

Tarawihin nan kuwa, na faɗa wa duk unguwa. In Allah ya yarda zai ja ta har a sauke.

Yayarki,
Karimatu


Thamesmead, London
17 ga Janairu, 1993

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ƙulli ya iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Ni da Hamdatu lafiya, sai ɗan ciwon kai da nake fama da shi kwanan nan.

Na yi duk yadda kika ce. Tagogi a rufe, kafofi a toshe. Akwai wata na'ura da council, wato hukumar da ta ba mu gida, suka maƙala mana a silin, da ta ji hayaƙi sai ta hau ihu har maƙwabta su fito. Na hau kujera na cire mata batir, mun huta. Ƙaninki kuma yana shiga bargo safe da yamma, yana mita ina danne gefen bargon. Hamdatu da ta ga na ɗauko kasko sai ta gudu flat ɗin maƙwabciyarmu Amamata, wata 'yar zangon Kumasi mai kirki, ko da yake bakinta ba ya shiru.

Sai dai Yaya, ban ga sauƙi ba tukuna. Da can zazzaɓin sai ranar aiki mai yawa, yanzu har ranar hutu. In ya fito daga bargo yakan yi gumin da kika ce, amma bayan ɗan lokaci sai rawar ɗari ta kama shi har haƙoransa na haɗuwa. Na ce a raina ko sanyin ne ke fita. Mun je wurin likitan unguwa da suke kira GP, ya ce mura ce ta hunturu, ya sha paracetamol. An gwada jininsa ko zazzaɓin cizon sauro ne ya biyo mu daga gida, ba a ga komai ba.

Shekaranjiya lift ya lalace, muka hau bene da ƙafa. Ni mai ɗauke da kayan cefane na riga shi isa, na leƙo na gan shi riƙe da ƙarfe yana haki. Da ya ga ina kallonsa sai ya sunkuya wai yana gyara takalmi.

Amamata ta shigo jiya ta tarar da hayaƙi. Ta ce, "Kai Saudatu, wannan ɗaki naka ba shi da iska ko kaɗan. Buɗe window mana, mutum zai mutu a ciki." Haka take ce wa kowa kai, mace da namiji. Na ce mata maganin gida ne, yayarsa ce ta aiko, ita ta raine shi. Ta taɓe baki ta fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tilawarsa. Ina kicin ina jin sa yana yanke aya a inda bai saba yankewa ba. Tsoro nake ji, Yaya. In akwai abin da za a ƙara, ki gaya mini.

Ƙanwarki,
Saudatu


Gangare, Jos
7 ga Maris, 1993

Saudatu,

Sallama irin ta addini. Ya ibada? Mu dai muna nan da rai.

Na amsa takardarki ta Janairu, na ce ki ƙara yawan maganin ki daure. Shiru. Na sake rubutawa kafin a ga wata. Shiru. Kullum ina aika yara gidan waya suna dawowa hannu biyu.

Jiya Mahamudu ya sauka. A shagon Alhaji, cikin mutane, ya ce ai motar asibiti ce ta ɗauki Uwaisu daga masallaci tun farkon azumi. Ya ɗauka mun sani. Haka Alhaji ya shigo ya same ni ina dama kunun buɗa-baki ya faɗa mini. A bakin ɗan kasuwa zan ji labarin ƙanina, Saudatu? Me na yi miki?

Na san abin da ya faru ko ba ki faɗa ba. Kin bi zancen matar nan ta Kumasi da likitocin Turawa, kin buɗe tagogi, kin tura maganina ƙarƙashin gado, sanyi ya gama shige shi. Shi ya sa kika kasa rubuto mini. Tun da kuka tafi nake jin ana cewa matan da suka zauna a can raina na gida suke yi, ina cewa ban da Saudatu.

Ban san ko yana raye ba a yanzu da nake rubutun nan. Mahamudu ya ce yana raye lokacin da ya taso. Ki rubuto mini gaskiya, kome ɗacinta.

Karimatu


Thamesmead, London
28 ga Maris, 1993

Yaya Karimatu,

Assalamu alaikum. Barka da salla. Yana raye, an sallame shi, yana gida, yana cin abinci. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Takardunki duka sun iso. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban san ta inda zan faro ba. Amma ta ƙarshen ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ban buɗe taga ba, Yaya. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Da kika ce a ƙara, ƙarawa na yi.

Ranar da aka fara tarawihi, kafin mu fita, na ce ya shiga bargo ko ƙirjin zai buɗe. Na tada garwashi mai yawa, na zuba magani, ya daɗe a ciki fiye da kullum. Muka hau bus zuwa Catford. Ina bayan labule tare da mata na ji ya yi Fatiha, muryar tana rawa. Ya shiga Baƙara, bai yi nisa ba ya tsaya. Mutanen sahun gaba suka ɗauka mantuwa ya yi, wani ya ɗora masa ayar, wani ma ya sake ɗora masa. Ni kaɗai a masallacin na san bai manta ba. Sai na ji motsi, wani ya shige gaba ya ƙarasa sallar. Da aka sallame na ɗaga labule na gan shi zaune ya jingina da bango, leɓɓansa sun canza launi.

A asibiti aka sa masa abin shaƙar iska, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan huhu, wani dattijo mai haƙuri, ya zauna ya yi ta tambaya a kan aikinsa, har ya sa aka karɓo gwangwanin farar hodar daga shagon. Ya ce hodar da kakin suna da wani sinadari da ake kira fulorin. A sanyi ba ya tashi, amma in ya ji zafi sosai yakan fitar da hayaƙi mai ƙona huhu, ya kawo zazzaɓi da rawar ɗari bayan ɗan lokaci. Shi ne zazzaɓin ranakun aiki. Wuni guda a ɗaki marar taga, kansa a sunkuye kan guga, kuma ba wanda ya taɓa ba shi abin rufe hanci ko ya ce masa kanzil.

Amma likitan ya ce abin da ya gani a hoton ya wuce na dutsen guga. Ya tambaya ko yana shan taba, don wai in hodar ta taɓa sigari aka kunna, abin ya fi muni, saboda wuta ta fi guga zafi nesa ba kusa ba. Na ji haushi, na ce mutumin nan liman ne, bai taɓa sa taba a baki ba. Ya ce to ko akwai wata hanya da kakin zai haɗu da wuta?

Yaya, nan take na tuna da kaskona. Na gaya masa zancen ledar ɓarɓashi, da gawayi, da kasko. Sai da na kwatanta masa kaskon da hannu. Na gaya masa zancen bargo. Bai yi mini faɗa ba, na so ma ya yi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a kawo Hamdatu a duba ta, ni ma a duba ni. An duba mu, mu da sauƙi.

Ga yadda abin yake. Maganinki ba guba ba ne, ko da yake likita ya ce mai ciwon ƙirji ba ya son hayaƙi kowane iri. Kakin ni na yafa a wutar, safe da yamma. Bargon ke kika ce, ni na danne gefensa yana cewa ya isa. Duk mu biyun son sa muke yi. Na faɗa miki ne don kin nemi gaskiya, kuma don na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.

Ya bar aikin. Likitan ya rubuta wa mai shagon, an ce sun sa fanka mai zuƙe hayaƙi. Huhun kuwa, ya ce wani sashe zai warke, wani ya yi tabo, kuma ba zai iya cewa ga iyakar abin da zai dawo ba. Wani Malam daga Edmonton ne ya ƙarasa musu tarawihin. Sallar idi a zaune ƙaninki ya yi ta.

Bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Na nemi gafararsa, ya ce ai shi ya kawo ledar.

Ƙanwarki,
Saudatu


Gangare, Jos
20 ga Afrilu, 1993

Saudatu, ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ya bar mana shi. Ya jikin nasa? Ya naki, ya na Hamdatu? Ki gaida Amamata, ki ce wata tsohuwa a Jos ta gode mata.

Na karanta takardarki, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Alhaji ya yi ta bugu ban buɗe ba. Kin gaya mini zancen kakin nan tun farko, hankalina yana kan rami, ban ko tsaya a kansa ba. Ina nan Jos ina ba da umarni a kan ciwon da ban gani ba, a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Sannan na zo na ɗora miki laifin da ba ki yi ba, kina tsakiyar jinya ke kaɗai. Ki yafe mini, Saudatu. Ban saba faɗin wannan kalmar ba, kin sani, to na faɗa.

Ba zan ƙara aiko da komai ba sai yaji da kuka. Ku bi abin da likitan ya ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Uwaisu ya rubuto mini 'yan layuka wai ya warke sarai, kada in damu. Ƙarya yake yi, tun yana yaro in ya faɗi sai ya ce bai ji ciwo ba. Takarda ba ta haki. Ki sa shi ya yi mini karatu a kaset, ko wace sura ce, ki ba Mahamudu ya taho da shi. Na san numfashin yaron nan tun yana bayana. In na ji da kunnena zan san inda muke.

Yayarki,
Karimatu


Thamesmead, London
16 ga Mayu, 1993

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gari ya fara ɗumi, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba. Na yafe miki tun kafin ki nema, ke ma ki yafe mini shirun da na yi. Amamata ta amsa gaisuwa, ta ce wai "ka gaya masa ni ma na gode."

Jiki da sauƙi. Yana zagaya bakin tafkin unguwarmu da safe, a hankali, kuma an ce zai iya neman aikin zama nan gaba kaɗan. Mutanen Catford sun zo duba shi, suka ce baɗi in Allah ya kai mu shi zai ja su. Ya yi murmushi ya ce Allah ya nuna mana.

Ga kaset nan. Sai da muka yi rigima kafin a yi shi. Da farko ya zaɓi gajerun surori don kada ki gane. Na ce Yaya ba yarinya ba ce, ka karanta mata abin da ka saba. Ya karanta Suratu Maryam, wadda ya ce kina so. Da ya saurara sai ya ce a goge, zai sake a hankali, yana tsayar da rikoda yana hutawa, yadda ba za a ji komai ba. Na cire kaset ɗin na sa a jakata. Ya yi fushi da ni har yamma, sannan ya ce in aika.

Muryar tana nan, za ki gane ta. Amma ki saurara ke kaɗai tukuna, kafin ki kira mutanen unguwa. Za ki ji ya tsaya a wuraren da ba a tsayawa, wani lokaci shirun ya yi tsawo. Kada ki taɓa rediyon, ba batir ba ne, kaset ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Shi ne yake neman numfashi. Ki jira shi, Yaya, zai ci gaba.

Ƙanwarki,
Saudatu